Ba Ni Na Yi wa Yaya Dalhatu Ƙaho Ba

Aliero, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanwata Iklima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Alhaji Abdulmajid da yara baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da zuba, ya buɗa kasuwa, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Maiɗakina Rukayya ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma yawon barka da ta'aziyya kamar da. An cire albasa kuma ta yi kyau bana, ko da yake ta mutanen Giwa Tazo ta fi tamu girma, sun kuwa hana kowa sakat da labarin. Gwaggo ta Mungadi tana nan da ranta da bakinta, kullum tana tambayar yaushe za ki zo. Yaya Dalhatu an sallamo shi, yana gida, yana cin abinci, da la'asar yakan fito ƙofar gida ya ɗan zauna.

Na kira ki har na gaji, ba ki ɗauka. Na san dalili. Rahinatu matar Yaya ta gaya miki cewa ni na yi masa ƙaho, ni na kusa kashe shi. Ban ga laifinki ba, ko ni aka gaya wa haka game da wani zan ɗauke masa wuta. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Atiku direba da zai sauke albasa wurin maigidanki. Ki nemi wuri ki karanta ke kaɗai, ki kuma yi haƙuri da tsawonta, don maganar ta daɗe tana cin raina.

Kin san yadda Baba ya raba mu tun yana da rai: Yaya ya ɗauki gona, ni na ɗauki zabirar wanzanci. Tun ranar da Baba ya kwanta dama babu askar da ta taɓa kan Yaya sai tawa. Kowace Juma'a da hantsi yakan zo ya zauna a kan tabarmata ƙarƙashin dogon yaro, in jiƙa masa kai, in kama aiki. Ke ba ki taɓa zama wurin ba, don haka ba ki san abin da ake yi ba. Mutumin da ko matarsa ba ta jin cikinsa, da zarar na dafa kansa sai bakinsa ya buɗe. A nan na fara jin zai sayi fadamar bakin hanya, a nan muka yanke maganar aurenki, a nan ya taɓa yi mini kuka lokacin da ɗansa na fari ya rasu, ina aski ina yi kamar ban gani ba. In an gama cirar albasa kuma bayansa ya riƙe, in kafa masa ƙaho in janye mataccen jini, ya tashi yana miƙa yana sa mini albarka. Ni ba ni da fadama, ba ni da mota. Abin da nake da shi a duniya wanda ya fi na kowa shi ne wannan zaman.

Sai ciwon ƙirjin nan ya zo bara. Kin san farkonsa, yadda yake tsayawa a hanyar gona yana dafe ƙirji yana cewa gyambon ciki ne, har Nuraddeen ɗansa ya matsa aka kai shi asibitin zuciya a Abuja. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aikin yake, don ni na raka su. Ta wuyan hannu suke shiga. Su zura wata siririyar roba cikin jijiya har ta kai zuciya, su tura wani ruwa, sai hanyoyin jinin su fito a allo kamar saiwoyin itace. A nan suka ga wata babbar hanya ta tsuke saura kaɗan ta toshe. Suka sa mata ɗan ƙarfe mai kamar raga, wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya tokare ta daga ciki. Likitan da ya yi aikin sunansa Imran, yaro ne, bai girmi Nuraddeen da komai ba. Ya ce suna wani bincike: wasu majinyata ana sa musu ƙarfen da hoton waje kaɗai, wasu kuma ana tura wata 'yar na'ura cikin jijiyar kanta ta leƙa bangonta, sannan a bi su duka a ga waɗanda suka fi samun lafiya. Ya karanta wa Yaya bayanin da Hausa, ya ce ba dole. Yaya ya ce ko mene ne a yi. Rabonsa ya faɗa cikin waɗanda aka leƙa.

Kafin a sallame mu likitan ya tambayi sana'ar kowa. Da ya ji ni wanzami ne sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce akwai ƙwayoyi biyu da Yaya zai riƙa sha kullum, masu tsinka jini don kada ya daskare a jikin ƙarfen. Ya ce muddin yana shan su, ko ƙaramar tsaga za ta iya yin ta zuba, in kuma ya daina sha ƙarfen zai iya toshewa farat ɗaya. Saboda haka babu ƙaho, babu tsaga, askar ma a ajiye ta a koma injin aski. Da ladabi ya faɗa, yana ce mini Baba, har da ɗan rusunawa. Wallahi Iklima da ya yi mini rashin kunya da na fi jin daɗi, don da na samu abin riƙewa. Amma yaron gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Wanda ya yi shekaru yana ganin jini ya san akwai jinin da ba ya jin lallashi.

Muka dawo gida, sai aka dawo mini da wani Yayan daban. Nuraddeen ya sayo injin aski, shi ke yi masa a tsakar gida, cikin ɗan lokaci an gama, babu hira babu komai. Juma'a ta farko na shimfiɗa tabarma na zauna, don na ɗauka ko ba aski zai zo mu gaisa. Bai zo ba. Yana majalisa yana nuna wa mutane hoton zuciyarsa a waya, ga ta kafin aiki, ga ta bayan aiki. Babu wanda ya tsira, har mai shayi sai da ya ajiye butarsa ya duba. Bakinsa kuwa ba ya rabuwa da sunan yaron nan. Ɗana Imran ya ce kada in ci kitse, ɗana Imran ya ce in riƙa tattaki, ɗana Imran ya ce jijiyata ta fi ta wasu samari kyau. Saboda binciken, lokaci-lokaci sukan kira su ji yaya ƙirji, yaya numfashi. In kin ga Yaya ya zabura ya miƙe tsaye yana gyara hula da waya a kunne, to, Imran ne. Mutumin da ko hakimi ya kira yana kishingiɗe yake amsawa.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi na ji, irin wanda ban san tsoho yana ji ba. Na yi ta gaya wa kaina ai ceton ransa aka yi, kamata ya yi in fi kowa murna. Ina murnar, amma tana tafe da ɗaci. Da aka fara cirar albasa, buhun farko da aka zaɓe, wanda tun tuni gidana yake shigowa, sai na ga ana ɗinke bakinsa ana rubuta suna a jiki za a sa a motar Abuja. Nawa ya zo daga baya, ba a rage mini komai ba, har ya fi na bara cika. Rukayya ta ce to mene ne abin ɓata rai, albasa ai albasa ce. Na ce mata haka ne, na tashi na fita.

Ana nan sai wata ranar da yamma ya yi sallama a zaurena, shi kaɗai. Ya zauna yana ta kewaye-kewaye, ya tambayi ƙafar Rukayya, ya tambayi kasuwa, sannan ya rage murya ya ce bayansa ya riƙe tun da aka gama aikin albasa, ba ya iya ruku'u sosai. Ya ce in ɗan kafa masa ƙaho biyu kawai, tsaga sama-sama, ba wanda zai ji. Iklima, ban san lokacin da idona ya kai kan zabira ba. Daɗi ya rufe ni, na ce ashe dai akwai abin da Imran bai iya ba. Amma na tuna jinin da ba ya tsayawa, na ce ba zan yi ba. Da a nan na tsaya da ya fi. Sai bakina ya ƙara da cewa ya kira ɗansa Imran ya kafa masa ta waya, tunda shi ya san cikinsa. Rabin maganar tsoro ne, rabin kuma haushi. Ya dube ni, ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu. Daga ranar muka koma gaisuwar masallaci.

Abin da ya biyo baya ban sani ba sai da komai ya lalace. Ranar kasuwar Jega ya tafi sayar da albasa, ya zarce rumfar Labbo wanzami. Kin tuna Labbo, wanda Baba ya kora daga koyon aiki saboda nauyin hannu. Wurinsa ɗan gidan wanzamai ya je ya tuɓe riga. Bai gaya masa yana shan wani magani ba. Labbo ya tsaga ya kafa ƙaho, jini ya ce bai san tsayawa ba. Aka danna, aka ɗaure, ya dawo gida riga jiƙe, kwana ya wuce yana tsatsa, bayan nasa ya yi baƙi ƙirin. Tsoro ya kama shi da Rahinatu, suka yanke a tsakaninsu cewa ƙwayoyin nan ne, a ajiye su har ciwon ya kame. Ba su gaya wa Nuraddeen ba. Da aka kira daga asibiti kuwa, a karon farko Yaya ya bar waya tana kuka har ta gaji.

Bai yi mako ba. Da safe bayan an fito masallaci Nuraddeen ya buga mini ƙofa. Na iske Yaya a ƙasa, gumi yana karyo masa, yana cewa an ɗora masa dutse a ƙirji. Muka kai shi asibiti mafi kusa, Nuraddeen ya kira Imran, shi kuma ya yi ta magana da likitocin wurin ta waya har suka ba shi abin da ya riƙe shi, sannan aka sa shi a motar asibiti. Ni na zauna ta wajen kansa. Duk tsawon hanyar nan tafin hannuna yana kan goshinsa, ina karanta abin da ya zo bakina. Kan da na sani lungu-lungu, ga shi an yi masa askin inji duk tudu da kwari. Ko a wannan hali sai da na lura da hakan, Allah ya yafe mini.

Suka sake shiga ta wuyan hannu. Jini ne ya daskare a cikin ƙarfen ya rufe hanya, kamar yadda yaron ya faɗa tun farko, ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Suka buɗe, Allah ya yi da sauran kwana. Sai dai an ce wani ɓangare na naman zuciyar ya raunana, ba zai koma kamar da ba, noma da hannunsa kuma ya ƙare.

Da ya farfaɗo sosai Imran ya zo duba shi, mu duka muna tsaye, ni da Nuraddeen da Rahinatu. Ya riga ya ga tsagar da ke bayan Yaya. Ni ma na gani lokacin da ake sauya masa riga, kallo ɗaya na yi na gane hannun Labbo: tsaga mai zurfi, a karkace, wata ta hau kan wata. Likitan ya ce ba faɗa zai yi ba, amma dole ya san yadda aka yi, don a binciken nasu duk matsalar da ta samu majinyaci sai an bi diddiginta, ko ta hana a sake yi wa wani. Ya tambayi wa ya yi ƙahon. Yaya ya dubi silin, ya dubi yaron nan da yake ji da shi. Sannan ya ce ƙanensa ne ya matsa masa, wai gadon gidanmu ne ba a bari, shi kuma ya ji nauyin ƙi.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Rahinatu ta juyo ta zuba mini ido, don ita ma abin da ya gaya mata ke nan tun ranar da ya dawo da jini. Nuraddeen ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki, sai na ga idon Yaya. Ba idon mai mugunta ba ne, idon mai roƙo ne. Tsoron kada ya zube a gaban Imran ya fi masa tsoron ya zubar da ni. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina. Na rufe bakina.

Daga baya likitan ya kira ni ofishinsa ni kaɗai. Na shiga a shirye in sha zagi, har ina fatan ya zage ni. Sai ya ba ni kujera, ya juyo allon ya nuna mini. Na ga zuciyar Yaya tana bugawa, na ga inda ruwan ya zo ya tsaya cik, na ga lokacin da hanya ta buɗe ya wuce. Ya nuna mini hoton da 'yar na'urar ta ɗauko daga ciki, zagayen jijiyar da ƙarfen manne a bangonta. Yana bayani a hankali, yana cewa ya san niyyata alheri ce, ya san wanzamai sun riƙe jama'a tun kafin a gina asibiti, roƙonsa kawai in taimaka masa in riƙa tambayar duk wanda ya zo ƙaho ko yana shan maganin jini. Ina zaune ina gyaɗa kai kamar ɗalibi. A raina kuwa cewa nake, tun ina saurayi hannuna yake kan mutumin nan, iyakata fata. Wannan yaro jiya-jiya ya san shi, ya shiga har inda ban taɓa mafarkin gani ba, sau biyu, kuma sau biyun ya fito da shi da rai. Na nemi abin ƙi a jikinsa na rasa. Na fito ina jin haushinsa, ina kuma yi masa addu'a.

Yanzu ga yadda muke. Labari ya zaga gari. Nuraddeen yana gaishe ni, amma daga nesa, ba ya zama. Gidaje biyu da tun zamanin Baba mu ke yi musu askin suna sun haihu, ban ji an aiko ba. Labbo ya zo har zaurena a tsorace, yana rantsuwa bai san da wani magani ba, yana tambaya ko za a kai shi ƙara. Na ce ya koma rumfarsa ya kama bakinsa, ya kuma koyi tambaya kafin ya tsaga mutum. Yaya kuwa ba ya iya haɗa ido da ni. Ina zuwa gaishe shi kullum, Rahinatu tana tsaye a bakin ƙofa kamar zan fito da aska daga aljihu. Ya amsa, ya tambayi Rukayya, sai ya juya fuska bango ya ce barci yake ji.

Na san halinki. Kina gama karantawa za ki ɗauki waya ki kira Nuraddeen ki wanke ni, shi kuma da zafin ƙuruciya zai kira Abuja ya gyara magana. Don girman Allah kada ki yi. Na riga na auna. Abin da likita yake bukata ya samu: an yi ƙaho, an daina magani, ƙarfe ya toshe. Sunan mai askar ba zai ƙara masa komai ba. Amma Yaya, kin san shi. Inda ya ji kunya ba ya sake takawa. Kin tuna gonar Maiyama, da aka kama shi da kuskure kan iyaka a gaban dattawa, ya gwammace ya bar ta ga ciyawa da ya koma ya haɗa ido da su. In Imran ya san ya yi masa ƙarya, Yaya ba zai sake zuwa asibitin nan ba, ba zai sake ɗaukar wayarsu ba. Ga shi bayan Sallah za su sake duba ƙarfen, kuma an ce daga yanzu bibiyar nan ita ce ransa. Maganar mutum ɗaya yake ji a duniya game da ƙwayoyin nan, kuma ba ni ba ne. Na so a ce ni ne, Allah ya sani na so. Tunda ba ni ba ne, to, gara wancan ya ci gaba da ganinsa da mutunci.

Gidajen suna za su dawo ko kada su dawo, Allah ke ciyarwa. Abin da na kasa ɗauka shi ne a ce cikin 'ya'yan Baba babu ko ɗaya da ya san hannuna bai taɓa shi ba, ban da shi da ya sani ya yi shiru. Yanzu kin sani, ya ishe ni. In kin gama ki sa takardar a murhu.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdulmajid da kyau, ki ce na gode da saƙon da ya aiko lokacin jinya. Ki gaishe da Anas, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Zinatu da mai sunan Inna. Rukayya tana gaishe ki, Gwaggo ma haka. In kin kira Yaya kada ki canza masa murya. Ki tambaye shi jiki, ki tambaye shi ko ya sha magani, sannan ki yaba masa likitansa sosai. Yana jin daɗin hakan.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Salihu Wanzami